Man da Aka Bari a Tanki

Duk unguwar, Mai Wankin Fetur ake ce masa, kuma matarsa ce ta raɗa masa sunan. Gyaran ƙananan injuna yake yi a rumfar ƙofar gida. Idan ya sayo mai, sai ya zuba ruwa kaɗan a jarkar, ya girgiza har gumi ya keto masa, ya ajiye. Ruwan ya janye sinadarin itanol da ke cikin man ya kwanta a ƙasa, shi kuma ya tsiyaye na sama.

"Mazan mutane na wanke babur, nawa fetur yake wankewa," in ji ta.

"Yi dariyarki. Sinadarin nan ruwa yake jawowa, ruwa kuma tsatsa yake haifarwa. In za a ajiye inji, da yunwa ake ajiye shi."

Injin markaɗen da take sana'a da shi, shi ya haɗa mata, kuma bai taɓa ba ta kunya ba.

Ranar da za a kai shi asibiti hannunsa ya kasa girgiza jarka, sai ya cika mata tankin da man yadda aka sayo shi.

"Wannan ban wanke ba. Ki ƙone shi tas, kar ya zauna."

Bai dawo ba. Ita kuwa ta ji maganar sarai, amma zuciya ba ta da ƙashi. Ta kasa ƙone abin da hannunsa ya zuba na ƙarshe. Ta lulluɓe injin da tsohon zane. Idan kewa ta ishe ta, takan buɗe murfin ta shaƙa, don haka rigarsa take wari.

Sai da abinci ya fara yankewa a gidan, bayan shekara ta zagayo, ta yaye zanen. Ta ja igiya har kafaɗarta ta sage, ko tari injin bai yi ba. Aka kira makanike daga wata unguwa. Ya kwance kafireto, ya tarar da shi cike da ƙaro, tankin kuma tsatsa ta cinye.

"Baba, wannan ya tashi aiki," ya ce yana goge hannu. "Wanda ya bar man nan a ciki bai san inji ba. Mai gidanki ne?"

Ta daɗe tana kallon jarkar mijinta da ke rataye a rumfa.

"Ya sani," ta ce. "Ya ma faɗa mini."