Dokta Tukur Ya Rasu a Ofishin Fansho

Duk wanda ya zauna a Badarawa ya san Dokta Tukur Sharhabil, dogon nan da ba ya rabuwa da jakar fata ko masallaci za shi. Shekara talatin da biyar ya yi a asibitin gwamnati, kuma abu ɗaya yake tinƙaho da shi: bai taɓa kuskure a takarda ba. Ba shi da gona, ba shi da asibitin kansa. In abokan aiki suka ce, "Dokta, me ka tanadar wa ritaya?" sai ya ce fansho ya ishe shi, ya ci gaba da rubutunsa.

To, ranar aikinsa ta ƙarshe, ana tsakiyar hayaniyar walima, aka turo masa takardu biyu: fom ɗin ritaya da shaidar mutuwar wani tsoho. Bawan Allahn nan ya cike duka biyun da sunansa, ya buga hatimi.

Wata uku shiru, ba fansho. Da ya je ofishin, wata ma'aikaciya mai suna Ummulkhairi ta duba kwamfuta, ta ɗago kai.

"Baba, Allah ya jiƙanka, ai ka rasu."

"In ji wa?"

"In ji likita." Ta juyo masa takardar. Sa hannunsa ne ɓaro-ɓaro.

Su kuwa mutanen haraji ko a jikinsu. A wurinsu yana nan garau, har suna tambaya ko yana duba marasa lafiya a zaure. Ka ji fa rashin ta ido!

Ummulkhairi ta tausaya masa, ta ce layi ɗaya kawai zai rubuta, cewa likitan da ya sa hannu ya yi kuskure. Dokta ya ɗauki biro. Ya sake karanta takardar daga sama har ƙasa: rubutu tsaf, hatimi a mazauninsa. Wallahi abin haushi, abin tausayi. Ya ajiye biron ya fita.

Matarsa, Hajiya Zuwaira, ba ta ɗaga murya ba, ga shi kuwa shinkafa ta ƙare a gidan. Washegari ta yafa mayafi, ta je ta karɓo fom ɗin haƙƙin magada, ta ajiye masa a kan tabarma.

"Alhaji, sun ce sai da shaida guda, wanda ya san mamacin sosai."

Ya gyara tabarau, ya jawo fom ɗin gabansa. Sannan a hankali ya tambaye ta inda zai sa hannu.