Saƙon da Ya Koma Foldar Gida

Da maigidana zai tafi ƙarin karatu wata ƙasar Larabawa, abu biyu ya bar mini in kula da su: mahaifiyarsa da ke Kausani, da akwatin imel ɗinsa. Dukanmu a jami'ar Wudil muke aiki, shi yana koyarwa, ni ina ɗakin gwaje-gwaje, don haka duk takardar da ta shigo masa ni nake bugawa in kai sashensu. Inna ba ta taɓa ba ni wahala ba. Imel ɗin ne ya kusa sa mini hawan jini. Kafin shafin ya buɗe a ofishinmu, sai in je in yi alwala in yi walaha in dawo in tarar yana nan yana juyi.

Wata abokiyar aikina ta sashen kwamfuta ce ta ji tausayina. Ta sa mini manhajar imel a kwamfutar teburina, ta haɗa ta da akwatinsa.

Ta ce, "Ba kwaso saƙonnin take yi ba, suna can inda suke, leƙa su kawai take. Abin da ya taɓa a can za ki gani a nan, abin da kika taɓa a nan zai gani a can. Don haka ban da goge-goge."

Sai ga foldodinsa sun jeru a gefen hagu: Sashe, Malamina, Biza, Gida. Na yi dariya har da hawaye. Mutumin da kullum sai na nemo masa hularsa, ashe a nan yake ɓoye tsarinsa.

Daga nan na samu sabon abin yi. In na rubuta masa daga nawa adireshin, sai in ga saƙona ya faɗo akwatinsa da rubutu mai kauri, alamar ba a buɗe ba. Can wajen azahar kaurin ya tafi, saƙon ya koma foldar Gida. Amsa kuwa sai ya ga dama. Duk da haka ina jin daɗi, kamar ina jin motsinsa a ɗaki na kusa.

Ana nan rikici ya ɓarke a garin da yake. Muka ji a rediyo. Wayarsa ta daina shiga. Na rubuta masa, "Kana lafiya?" Saƙon ya faɗa akwati ya tsaya da kaurinsa, kwanaki suna wucewa.

Tsoro biyu nake ji. Na farko kowa ya sani. Na biyu shi ne kada hannuna ya kuskure in danna saƙon, ya zama kamar an karanta, in rasa alamar da ta rage mini. Na hana kowa zama a kujerata. Wani malami ya roƙi ya buga takarda ɗaya tak, na yi masa tsawar da har yau yake tsokanata da ita. In an ɗauke wuta, sai in zauna ina kallon baƙin gilashi har a tayar da janareta.

Kowace yamma nakan hau acaba zuwa Kausani, in tarar da Inna tana ɓarar gyaɗa, rediyo a gefen tabarma.

"Har yanzu, 'yar nan?"

"Har yanzu, Inna."

Wata safiya na kunna kwamfuta, manhajar ta gama leƙen imel ɗinsa, na duba akwati ba saƙona. Na ce shi ke nan, na goge. Na buɗe foldar Gida. Yana nan a sama, ba kauri. Na kifa kai a tebur na yi kuka. Bayan kukan haushi ya zo: ya samu sukunin gyara folda, bai samu na rubuta "lafiya lau" ba? Daga baya ne na ji intanet ɗin ya yanke masa yana tsakiyar amsa.

Inna ba ta gamsu da labarin baki ba. Washegari ta yafa mayafinta ta biyo ni ofis, ita da ba ta taɓa taka jami'ar ba. Na zaunar da ita a kujerata, na nuna mata layin da yatsa. Inna ba ta karatun boko.

Ta ce, "Shi ya ɗauke daga nan ya kai nan? Da hannunsa?"

"Shi ne, Inna. Daga ni sai shi muke iya shiga, kuma ni ban taɓa ba."

Ta daɗe tana kallo. Sai ta kama bakin mayafinta ta share ƙurar gilashin a hankali, daidai kan layin.

"To bar shi a buɗe, 'yar nan. Yi aikinki, zan ɗan zauna."