Ludayin Yaya a Hannun Auta

A kicin ɗin da ake dafa wa direbobi da kanikawan wani kamfanin sufuri abincin rana, mutum ɗaya ce ke da ikon tsoma ludayi a tukunya ta kai baki, ita ce wadda kowa ke kira Yaya. Har direbobin da suka girme ta Yaya suke ce mata, don mai riƙe da cikinka ai gaba take da kai. Tun tana da ƙuruciyarta ta shiga kicin ɗin, kuma ba ta taɓa auna gishiri da cokali ba. Takan ɗiga romo a tafin hannu ta lasa, ta lumshe ido, ta ce saura kaza, shi ke nan an yanke hukunci.

Ƙanwarta ce ke taya ta aiki. Auta ake ce mata har yau, ko da yake ta yi jika. Nata shi ne yanka albasa, wanke-wanke da jera faranti. Siririya ce kamar tsinken tsintsiya, ga ci kamar gara, abin da ya daɗe yana sosa wa Yaya rai. Ita kuwa Yaya, ɗanɗanon nan na kullum, loma nan loma can, shi ya taru ya zauna mata a jiki. Gwiwoyi suka soma ƙara, 'yar matakalar ƙofar kicin ta zame mata aiki. Da likita ya duba awon jininta sai ya ce ciwon sukari na leƙowa, ya rubuta mata allurar rage ƙiba, sau ɗaya a mako, a fatar ciki.

Allurar ba ta da zafi, cizon sauro ma ya fi ta. Washegari ce ta nuna halinta. Auta na zuba albasa a mai, ƙamshin da Yaya ta shaƙa rabin rayuwarta ya juya mata ciki, yawu ya cika mata baki, ta fita bayan kicin da saurin da ba a san tana da shi ba. Ta dawo tana goge fuska, ta tarar da Auta na gutsurar burodi da man gyaɗa hankali kwance.

"Sannu, Yaya. Ko dai ƙani za a yi wa jikokinki?"

"Ci gaba da ci. Ranarki na zuwa."

Ta koma asibiti ta kai ƙara. Wata nas ta ce yawancin mutane haka suke fama da farko, jiki zai saba. Ta ce ta riƙa cin kaɗan-kaɗan, ta guji maiƙo da yaji, ta riƙa kurɓar ruwa a hankali, kada ta kwanta da ta gama ci, in kuma aman ya ƙi tsayawa ta dawo maza. Likita ya dakatar da ƙarin ƙarfin allurar da ya yi niyya, ya kuma yarda ta mai da allurar ranar da hutu ke biye. Yaya ta bi duka, har ta ƙara da nata. Ga busasshen biskit a aljihun riga, ga shayin citta a filas, ga ɓawon lemon tsami ƙulle a bakin mayafi tana kai wa hanci. Ta ja kujera kusa da taga. Da haka ta iya zama a kicin, amma kai romo mai maiƙo baki ya gagara.

Ta yi ta maza, ta ce hannu ya san aikinsa ko babu harshe. Ranar ta zabga gishirin da ya sa kanikawa suka shanye ruwan randa, farantai suka dawo da rabin abinci. Ba yadda ta iya, ta miƙa wa Auta ludayin, tana shan kunu.

"Lasa kawai za ki yi ki faɗa mini. Ba ce miki na yi ki yi girki ba."

"To, Yaya."

Da farko hakan aka yi. Auta ta lasa ta ce kamar da saura, Yaya ta ce ƙara ɗan kaɗan. Sannu a hankali tambayar ta ragu. Daga kujerarta Yaya takan hango Auta ta lasa, ta miƙa hannu ta ɗauko wani abu ta barbaɗa ba tare da ta waiwayo ba. Har ido ta soma lumshewa. Wannan lumshe idon ya fi komai ƙona wa Yaya rai, don nata ne, ba ta kuma ba da aronsa ba.

Wata rana wani tsohon direba mai furfura, wanda tun zuwansa bai taɓa yabon komai ba, ya leƙo ta tagar karɓar abinci yana suɗe yatsa.

"Yaya, kwanan nan hannunki ya ƙara albarka. Miyar nan har gida na ba da labarinta."

Ta ce madalla, ta yi murmushin da bai wuce leɓe ba. Auta na tsugune tana wanke tukunya, ba ta ko ɗago ba. Da ma zaginta ya yi da ya fi mata sauƙi. Yabo ne ya zo da sunanta, ita kuma ta san ba nata ba ne. Kishi ne tsagwaronsa, kuma ba ta ɓoye wa kanta ba. Tana kishin cikin Auta da ba ya tashi, da jikinta da ba ya neman allura, yanzu ga harshenta. Duk yinin ranar sai da ta samo wa Auta laifi: albasa ta yi kauri, soso ya yi datti, tsayuwarta ma ta tare haske.

Ranar allura ta zo, ta buɗe firij ta ɗauko ta, ta tsaya tana juya ta a hannu. In ta tsallake mako ɗaya, jibi ludayi ya dawo hannunta. Amma zanen da a da take ɗaurawa da ƙyar yanzu har yana rara, kuma da safen nan ta sunkuya ta ɗauki jikanta ba ta ce wash ba. Ta yi tsaki, ta ɗaga riga ta soka. Ba ta taɓa jin haushin abin da ke mata amfani irin na ranar ba.

Maganar nas ta tabbata. Bayan wasu watanni tashin zuciyar ya lafa, sai ɗan abin da ba a rasa ba washegarin allura. Ranar da ta shaƙi soyayyar albasa ta ji lafiya lau, ta ajiye ɓawon lemon, ta ɗaure ɗamara.

"Kawo ludayina. An gode da riƙo."

Auta ta miƙa mata da hannu biyu, ta koma kan katakon yanka. Yaya ta zage ta yi girki irin na nuna wa duniya. Ta lasa, ta lumshe ido, komai ya yi daidai yadda ta san shi. Ta tsaya a taga da kanta tana zuba wa mutane, tana jiran santi.

An ci, ba wanda ya yi ƙorafi. Sai dai ba wanda ya dawo neman ƙari. Tsohon direban ya ajiye farantinsa da sauran miya a gefe, ya dube ta da tausayi.

"Yau jikin ya motsa ko, Yaya? Na ji ba kamar ta jiya ba. Allah ya ƙara sauƙi."

Ta ce amin. Da kowa ya watse sai ta buɗe firij ɗin kicin, ta ɗauko 'yar robar da Auta ta rage miyar jiya don ta kai gida. Ta ɗumama a ƙaramar tukunya, ta juya baya, ta ɗiga a tafin hannu. So take ta sami aibu ko ɗaya ne, ta lasa, ta sake lasa, babu. Miyar ba nauyi, kowane abu ana jinsa daban, kuma ta fi tata. Ta juyo wajen Auta da ke wanke-wanke.

"Auta, me kike sa mata?"

"Ba na sa komai, Yaya. Mai nake ragewa, sai in bar rabin albasar sai an kusa saukewa."

"Wa ya koya miki?"

"Ba kowa. Haka nake yi a gidana."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin in haifi babban."

Babban nan yanzu shi ne uban jikar Auta. Yaya ta lalubi aljihu don neman biskit, sai ta tuna ta daina ɗauka.

"Shekara da shekaru kina tsaye a bayana, ba ki taɓa faɗa ba."

Auta ta ɗauraye wuƙa ta goge a gefen zane.

"Ba ki taɓa tambaya ba, Yaya. Kuma in na faɗa ma, da kin ji?"

Yaya ta san amsar. Washegari ta riga Auta zuwa. Da Auta ta shigo sai ta tarar da ita zaune kan kujerar taga, katako bisa cinya, tana yanka albasa da wani irin ƙarfi kamar albasar ce ta yi mata laifi. Auta ta tsaya turus.

"Tsayuwar me kike yi? Mai ya yi zafi," in ji Yaya, ba ta ɗago kai ba. "Kuma in tsohon nan ya sake yabawa, ke za ki fita ki amsa. Ni ba zan iya ba."