Zanen da Inna Ta Toshe Taga da Shi

Shekarar da aka cire Jigawa daga Kano, Yayana ya samu mota. Ta wani Alhaji ce a Birnin Kudu, amma in ka ga yadda yake goge ta sai ka rantse gadonta ya ci. Fasinjan Gwaram yake ɗauka, kuma duk ya zo wucewa ta ƙofar gidanmu sai ya danna hon. Inna ko kai ba ta ɗagawa. Ɗan fari ne, sunansa bai taɓa fita daga bakinta ba, "wancan" take ce masa. Amma duk gidan mun san tuwon da take rufewa a langa ba na kowa ba ne sai nasa.

Daminar da ta biyo baya sauro ya hana mu sakat. Zazzaɓi ya kayar da Yaya, idonsa ya koma ruwan ɗorawa. A asibiti aka ce shawara ce irin wadda sauro ke kawowa, babu maganin da ke kashe ta, sai ƙarin ruwa da addu'a. Da ya nace a mai da shi gida, ɗakin Inna aka kwantar da shi. Ya ce haske na sukar idonsa, sai ta ɗauko baƙin zanenta mai kauri ta toshe taga, ta saki asabari. Da rana tsaka ɗakin ya yi duhu kamar cikin rumbu, ta hana kowa shiga.

Kawunmu ya zo daga Kano dubiya. Allah ya jiƙansa, amma bakinsa ba linzami. Ya leƙa ɗakin, ya fito tsakar gida gaban mutane ya ce, "Kin binne yaro tun da ransa." Washegari da hantsi Yaya ya cika.

Daga ranar Inna ba ta ƙara rufe tagar nan ba, ko ruwa ake kamar da bakin ƙwarya. Na san maganar Kawu ce ke cin ta, kuma wallahi har ya bar duniya gaisuwar dole nake yi masa. Na yi aure a Birnin Kudu, na haihu, na aurar, amma har yau in na ji hon a bakin titi sai gabana ya faɗi. Ina kewar Yaya, ba zan ɓoye ba.

'Yata ta biyu tana karatun haɗa magunguna. Da ta zo hutu, muna gyaran zogale, ta ba ni labarin wani sinadari da jikin mutum ke yi idan duhu ya yi, wai shi melatonin, shi ke kawo barci. Ta ce masana na duba ko zai iya rage ƙarfin ƙwayoyin cutar da sauro ke yaɗawa. Na saki tire. Ta riƙo hannuna tana cewa bincike ne kawai, ba a tabbatar ba, kuma toshe taga daban, magani daban. Na ce ta rufe min baki, ba ita ta haife ni ba. Kafin azahar ina cikin motar Gwaram.

Na tarar da Inna ta tsufa ƙwarai, tana zaune ƙarƙashin tagar tana jan carbi. Ko mayafi ban cire ba na zazzage mata labarin, har da ƙarin gishiri. Na ce duhun nan ba laifi ba ne, ƙila ma taimako ne, Kawu bai san abin da yake faɗa ba.

Inna ta ce maganar Kawu ai tun ranar ta bi iska, kwanan wancan ne ya ƙare.

Na ce to me ya hana ta rufe taga duk shekarun nan?

"Tun da na yaye shi ban ƙara taɓa shi ba sai a duhun nan," ta ce. "Na ɗora kansa a cinyata, na kira sunansa, ya amsa. Na taɓa shi, amma ban gan shi ba. Da na bar ɗan haske, da na kalli fuskarsa ko sau ɗaya."

Wata mota ta wuce a titi, ta danna hon. Inna ta ɗaga kai.