Amshin Mutanen Tudu

A gidanmu na Jambutu, cikin Garwa, murhun da Kaka ke toya ƙuli-ƙuli shi ne majalisarmu. Da an idar da sallar isha'i sai mu kewaye sauran garwashin, mai rabo ya samu guntun da ya ƙone. Ni take fara tsokana: "Maigida, yau ma ba cefane, sai kunne ka kawo mini?"

Tatsuniyar da muka fi so ita ce ta yarinyar da dorina ta ɗauke wa ƙwarya a bakin Binuwai. Ta bi ƙwaryarta har ƙarƙashin ruwa, garin dorinai, suka ce ba za ta fita ba sai in mutanen tudu suna amsa mata waƙa. Duk amshi ɗaya, ruwa ya janye kaɗan. Kaka kan siranta murya ta rera, "Mutanen tudu, kuna ji na?" Mu kuma mu ce, "Muna ji, taho gida." In muka yi sanyi, ko wani ya fara gyangyaɗi, sai ta kama bakinta ta ce, "To ku bar ta a ruwa, ai ba 'yata ba ce." Haka za mu yi ta ƙwala amshi har murya ta dushe, don mun yarda mu ne muke fito da ita.

Shekarar da maƙwabcinmu Alhaji Buba ya sayi tele, aka fara nuna fim ɗin wani littafi da muke karantawa a lekol, wato makarantar boko, labarin yaran da suka faɗa tsohuwar rijiya suka ɓulla ƙasar da itatuwa ke magana. Kashi-kashi ake nuna shi, daidai lokacin Kaka. Duk muka koma can.

Ran nan ta yafa mayafi, ta ce za ta je ta ga wanda ya kwashe mata jikoki. Aka yi mata maraba, aka shimfiɗa mata tabarma a gaba. Faransanci ko na gaisuwa ba ta ji, amma a saninta ba a barin mai ba da labari shi kaɗai. Duk wanda ya yi magana a cikin akwatin sai ta ce, "To. Ikon Allah. Sai kuma me?" Da yaran fim suka fara waƙa, ta kama tafi tana laluben amshi. 'Ya'yan Alhaji suka tuntsire da dariya, babbansu ya zungure ni ya ce, "Tsohuwarku fa zato take suna jin ta." Kunya ta rufe ni, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

A hanyar gida ta dafa kafaɗata. "Maigida, mutumin nan naku ya iya labari, ba ƙarya. Amma na lura ko an amsa ko ba a amsa ba, gaba yake yi. Ko duk kun tashi ba zai sani ba." A lokacin na ɗauka haushi ne kawai irin na wanda aka ƙwace wa kasuwa.

Bana 'yata Hadiza ta ci karo da fim ɗin a wayata, ta tambaye ni ko mu ma muna da labari irinsa. Na ce har da wanda ya fi shi. Na tara ta da ƙannenta, na faɗa musu abin da za su riƙa cewa, na siranta murya na rera. Suka zuba mini ido, shiru. Ba raini ba ne, haka suka saba jin labari, kuma a gidana suka saba. Na sake rerawa. Ƙaraminsu ya ce, "Baba, ci gaba mana."

Kunyar da na ji ta fi ta gidan Alhaji Buba nesa. Da Kaka ce, da ta kama bakinta har sai an amsa. Ni kuwa na ci gaba, na fito da yarinyar ni kaɗai, ba wanda ya kira ta gida.