Kunun Kanwa a Gidan Mai Bishara

Makon jiya matar maƙwabcina a nan Limawa ta haihu. Da safe ƙamshin kunun kanwa ya tsallako katanga ya same ni ina ɗaura wa keke kaya. Na daɗe a tsaye riƙe da igiya. In ka taɓa jin ƙamshin nan, gero da kanwa da ɗan yaji, ka san ba ya kama da na komai. Ni ƙauyenmu yake mayar da ni, can tsakanin Jahun da Taura, gidan matar da nake kira Inna.

Ba ita ta haife ni ba. Mahaifiyata ta rasu ina jariri, mahaifina kuma fataucin shanu yake yi a kudu, sai a shekara ba a gan shi ba. Kakana na wajen uba ya riƙe ni. A lokacin babu mai shayarwa a gidanmu, sai aka kai ni bayan gari, inda gidajen Kiristoci 'yan kaɗan suke. Hausawa ne kamarmu, gonakinmu ma iyaka ɗaya. Matar mai bisharar cocinsu ta haifi 'ya mace ba da daɗewa ba, sai ta haɗa mu ta shayar. Ko bayan an yaye ni ƙafata ba ta ɗauke daga gidan ba. Takan dama min kunun kanwa ko babu mai jego, ta ce, “Ni na sha dominka har ya gundure ni, yanzu sai ka sha da kanka.”

Shekarar da abin ya faru ban fi shekara takwas ba. Kaka ce, gero ya nuna. Amma garin babu daɗi. Rediyo na ta kawo labarin rikici a wani birni mai nisa, kuma ko da yake babu wanda ya taɓa wani a wajenmu, gaisuwa ta gajarce. Mata sun daina aiken yara bayan gari ɗebo wuta. Ni ban gane komai ba, zuwana nake yi.

Ranar gayyar girbin gonar kakana, mazan unguwa suka taru. Da rana ta take aka sauke akusan tuwo a gindin tsamiya. Na tsuguna a akushi ɗaya da Baffa, ƙanen mahaifina, wanda bai daɗe da dawowa daga karatu ba, da wasu samari. Yunwa nake ji. Sai kawai na yi abin da na saba gani a gidan Inna: na sunkuyar da kai, na rufe ido, na gode wa Allah da abinci, na rufe da sunan Yesu, da ƙarfi yadda mai bishara yake yi.

Da na buɗe ido, hannuwa sun tsaya a bakin akushi.

Wani saurayi ya ce wa kakana, “Malam, ashe fasto kake rainon mana?” Mutum biyu suka yi dariya, ta mutu nan take. Baffa ya damƙi hannuna har sai da na ji ƙashi. Bai dake ni ba. Ya ce daga yau na bar zuwa bayan gari, kuma ranar kasuwa zai sa ni a mota a kai ni wurin dangin mahaifiyata, inda ba zan sake ganin gidan nan ba. Samarin suka fara magana ƙasa-ƙasa, cewa ya kamata a je a tambayi mutanen can abin da suke nufi. Lauje da magirbi na nan zube kusa da su. Ni dai abu ɗaya na ji: za a raba ni da Inna.

Kakana ya cinye tuwonsa, ya wanke hannu. Sannan ya ce wa samarin gero na jiransu, kuma duk wanda ya bi bayansa zuwa bayan gari kada ya sake taka masa gona. Ya ce wa Baffa ya taso. Ni kuma ya ce, “Wuce gaba, fasto.” Wasan jika da kaka ne, amma fuskarsa babu wasa.

Muka bi ta cikin karan da aka kwantar, rana na dukanmu. Mun tarar da mai bishara yana ɗaurin dami a ƙofar gida, Inna na sussuka a ciki. Da ya ga Baffa, sai na ga ya dubi hanya ta bayanmu, ko akwai wasu. Ya shimfiɗa tabarma. Aka yi gaisuwa doguwa, aka tambayi gona da iyali da gajiya, kamar ba abin da ya kawo mu. 'Yar Inna ta kawo ruwa a ƙwarya. Kakana ya sha sosai. Baffa ya kawar da kai.

Kakana da mai bishara Malam suke kiran juna. Kakana ya faɗi abin da ya faru ba ƙari, sannan ya ce, “Malam, ina so in ji da bakinka, ba a bakin wani ba. Me kuke cewa kafin ku ci abinci, kuma me kuke nufi?”

Mai bishara ya share gumi. Ya ce suna gode wa Allah ne ta wurin Yesu Almasihu, domin a wurinsu shi Ɗan Allah ne, shi ne mai ceto. Baffa ya nemi tsari da ƙarfi ya miƙe tsaye. Sautin taɓarya ya tsaya a cikin gida.

“Zauna,” in ji kakana. “Ni na tambaye shi. A gidansa kake.”

Da Baffa ya zauna, kakana ya faɗi namu a hankali, kamar mai auna hatsi. Ya ce a wurinmu Allah ɗaya ne, ba shi da ɗa. Annabi Isa manzo ne mai girma, ba ma ambatonsa sai da girmamawa, shi da mahaifiyarsa, amma ba ma roƙo da sunansa. Mai bishara ya saurara har ƙarshe bai katse shi ba.

“Na san haka, Malam,” ya ce. “Kuma ba zan ce maka duk ɗaya ne ba.”

“Da ka ce duk ɗaya ne, da na tashi,” in ji kakana, “don na san lallashina kake yi.”

Baffa ya ce ba wannan ya kawo mu ba. Ya ce an ba su amanar maraya sun koya masa addininsu a ɓoye. Mai bishara ya buɗe baki zai musa, sai Inna ta fito ta durƙusa a gefen tabarma, ƙaiƙayi duk a kanta.

“Baba, ban koya masa ba,” ta ce wa kakana. “Amma na ga yana rufe ido tare da mu, ban hana shi ba. Daɗi na ji.”

Baffa ya ce, “To, kun ji.” Na ga motar ranar kasuwa a idona. Har yau ina mamakin abin da ya hana ta yin shiru, don da ta yi shiru babu mai kama ta.

Kakana ya nuna 'yar Inna, ya tambayi Baffa, tunda shi ne mai sabon karatu, ko in mun girma za a iya ɗaura min aure da ita. Baffa ya ce a'a, 'yar'uwata ce ta shayarwa. Kakana ya ce to uwarta fa, mece ce a wurina? Baffa ya ce uwa ce. Kakana ya sake tambaya, uwar da ba addininku ɗaya ba, yanke ta ake yi? Baffa ya amsa murya ƙasa, ya ce ba a bin ta a addini, amma ana kyautata mata.

“To ni ma iyakar abin da na sani ke nan,” in ji kakana.

Na ɗauka an gama, ashe mai wuyar na gaba. Ya juya wurin Inna.

“'Yata, kin ba shi nono ranar da ba mu da mai ba shi. Wannan ba ya goguwa. Amma addininsa a wuyana yake, ni za a tambaya. Idona ba ya kaiwa cikin gidanki. In zai ci gaba da zuwa, sai in ke za ki riƙe min shi a kan namu.”

Inna ta dube ni. Hawaye na bin ƙurar fuskarta. Ta ce abu mai nauyi ya roƙa, don babu uwar da ba ta son ɗanta ya bi hanyar da ta yarda ita ce gaskiya. Kakana ya ce ya sani, shi ma da so samu ne da ita ta bi tasa, amma bai taɓa tsare ta a hanya da maganar ba. Mai bishara ya ce shi ma yana da sharaɗi: in na girma na tambaye shi, ba zai yi min ƙarya ba. Kakana ya yarda, ya ce ya faɗa min “mu haka muke cewa”, sannan ya turo ni in ji yadda mu muke cewa. Ya ƙara da cewa daga ranar babu yaron gidansa da zai sake kiransu arna, kuma samarin gayya shi zai ji da su.

Inna ba ta ce ta yarda ba. Tashi ta yi ta shiga ciki. Muka zauna, ba mu san ko za ta fito ba. Can sai ga ta da ƙwaryar kunun kanwa, sauran na safe da ta ɗumama. Ta ajiye a gabana, ta miƙo min ludayi.

“Yi bismillah,” ta ce.

Na yi. Baffa bai sha ba, kuma har ya rasu bai taɓa cin abincin gidan ba. Amma ranar kasuwa ta zo ta wuce bai yi zancen mota ba, daga baya ma yakan tsaya ya gaishe da Inna in sun haɗu a rijiya.

Kakana da mai bishara duk sun riga mu gidan gaskiya. Yanzu a Dutse gardamar addini a waya ake yin ta da lasifika, kowa na ba da amsa ga mutumin da bai taɓa shan ruwan gidansa ba. Da na koyi karatun boko da girmana a ajin manya, na fara iya karanta abin da ake turowa, sai na ga ba kasafai wani ke cewa “faɗa min da bakinka” ba. Ban ce mutanen da sun fi mu imani ba. Sun dai iya zama a tabarma ɗaya su faɗi inda suka rabu, su tashi da maƙwabtakarsu.

Inna na nan da rai, ta tsufa, tana zaune wurin 'yar'uwata a nan cikin gari. Ranar da ƙamshin nan ya same ni, da yamma na kwashi yarana muka je. Aka kawo abinci. Idonta ba ya gani sosai, amma ta lalubo kan ƙaramin ta ce, “Kun yi bismillah?” Suka yi. Sannan ta sunkuyar da kai ta rufe ido. Ƙaramin ya kai hannu kwano, na riƙe shi a hankali, muka jira har ta gama.