Na Je Gwaram Karɓar Keke, Na Dawo da Sanda

Laraba: Wurno zuwa Birnin Kudu

Ƙarfe biyar da rabi, ana idar da sallar asuba, maigidana Malam Audu ya fito mini da kekena ƙofar gida, ya ɗiga wa sarƙar mai, ya ɗaure sandunan dogarawata a baya. Ga waɗanda ba su san ni ba, sunana Talatu, ɗinki nake yi a Wurno, kuma shan inna ya kama ƙafafuna tun ina 'yar shekara uku. Keken nan mai taya uku da ake murzawa da hannu, shi ne ƙafata yau shekara tara.

Abin da ya tashe ni, an yi shela cewa wata ƙungiya daga birni za ta yi taro a Gwaram a kan 'yancin nakasassu, kuma za a raba kekuna. Ni ina da nawa. Sa'a nake nema wa, 'yar ƙanwar mahaifiyata da ke Maruta, wadda haɗarin mota ya kashe mata ƙafafu shekara biyu da suka wuce. Tun daga lokacin ba ta sake leƙa ƙofar gidansu ba.

A bakin titi na samu wata a-kori-kura mai kai barkono kasuwa. Direban ya dube ni, ya dubi keken.

"Hajiya, ke ɗari biyar, keken dubu ɗaya."

"Me ya sa ya fi ni tsada?"

"Ya fi ki cin wuri."

Na ce to keken ya shiga gaba ya miƙe ƙafa, ni a ɗaure ni kan buhuna. Ya yi dariya, muka daidaita a dubu ɗaya mu biyun. Na yi ta atishawar barkono har muka shiga tasha ƙarfe bakwai saura kwata.

Ina sayen kunu da ƙosai, kuɗina a hannu ina miƙa wa mai suyar, sai na ji an jefo mini naira hamsin a cinya. Wani Alhaji ne mai babbar riga, har ya fara wucewa yana jan carbi.

Na ce, "Alhaji, ka yar da kuɗinka."

"Sadaka ce, baiwar Allah."

"Allah ya ba da lada, amma ciniki nake yi. In iyalinka na da atamfa a kawo Wurno, ina ɗinki. Wuyan rigarka ma ya karkace, zan iya gyarawa."

Ya karɓi kuɗinsa yana shafa wuya.

Birnin Kudu zuwa Gwaram

Bas ba ta cika ba sai takwas saura minti goma. Kwandasta ya taho ya buɗe hannuwa zai sungume ni kamar buhun gero, ko sannu babu. Na ce ya tsaya, ya riƙe mini sanda kawai, na san yadda nake hawa mota tun kafin ya san ƙirga canji. Kuɗin mota dubu ɗaya da ɗari biyar, keke ɗari bakwai a sama.

A wani shinge da ke tsakiyar hanya, mai binciken ya leƙo, ya ga sanduna, ya ɗaga kai ya ga keken. Sai ya juya wajen direba.

"Ina za ka kai wannan?"

Na ce, "Gwaram za ni, ranka ya daɗe."

Bai dube ni ba. Ya sake tambayar direba, "Tana da mai kula da ita?"

Na ce, "Ina da 'ya'ya uku da nake kula da su, har da ubansu."

Wata tsohuwa da ke gefena ta toshe baki da mayafi. Aka ɗaga mana katako muka wuce.

Gwaram

Mun sauka tara da minti goma. Ɗakin taron ba shi da nisa da tasha, na murza da kaina. An rataya ƙaton ƙyalle mai hoton mutum a kan keke yana washe baki. Matattakala biyar ce a ƙofar shiga. A gefe akwai gangaren siminti da aka yi domin kekuna, kuma a kansa aka ɗora janareto.

Na roƙi wani saurayi mai kati a wuya a matsar da shi. Ya ce ba zai yiwu ba, wayar gajera ce. Saboda haka duk mu masu kekuna da masu rarrafe muka zauna waje ƙarƙashin darbejiya, masu ƙafafu suka shiga ciki suka zauna kan kujeru domin tattauna matsalarmu. An saka mana lasifika ta taga, sai dai janareton ya fi ta murya.

Kusa da ni wani dattijo ne makaho, Malam Iro, mai tufkar igiya daga Unguwar Ya. Ya ce shi yana iya hawa matattakala, amma ya ga hirar waje za ta fi ta ciki amfani. Aka zo ana raba takardu, aka damƙa masa tasa. Ya shafa ta gaba da baya.

"Malama Talatu, me aka rubuta?"

"Turanci ne, Baba."

"To madalla. Mun zama ɗaya ke nan."

Taron da aka ce ƙarfe goma bai fara ba sai sha biyu, ana jiran babban baƙo. Cikin ɗan abin da na tsinta ta taga, na ji ya ce daga yau kada wanda ya ƙara kiran mu nakasassu, mu masu buƙata ta musamman ne. Aka yi tafi a ciki. Malam Iro ya ce buƙatarsa ta musamman a yanzu ruwan sha ne. Can a gefe kurame huɗu na zaune suna kallon bakin mutane, ba a tanadi mai yi musu fassara da hannu ba.

Bayan azahar aka fito da kekunan. Guda uku ne, irin na asibiti da sai an tura mutum, ko ledarsu ba a cire ba. Aka riƙa ɗora mu ɗaya bayan ɗaya ana ɗaukar hoto. Da aka zo kaina, ƙananan tayoyin gaban suka nutse cikin yashi, maza biyu suka yi ta nishi kafin su juya ni wajen ƙyallen.

"Mama, ɗan murmusa," in ji mai hoton.

Ana gamawa aka ninke kekunan aka mayar cikin mota. Wata mata mai gilashi ta ce samfur ne, mu cika fom za a kira mu. Na ce ta rubuta sunan Sa'a.

"Ai dole ta zo da kanta mu gan ta."

"Hajiya, da me za ta zo? Abin da za ta zo da shi ne kuka zuba a mota yanzu."

Ta ce haka ƙa'ida take, ta miƙo mini shinkafa a roba, ɗaya ni da Malam Iro. Shi ya ci naman, bisa hujjar cewa bai ga rabon ba.

Gwaram zuwa Maruta

Ban iya juyawa gida ba tare da na gaya wa Sa'a da bakina ba. Na yi sallar la'asar, na ɗauki adaidaita shata, dubu biyu. Biyar da kwata muna ƙofar gidan Inna Hauwa, mahaifiyar Sa'a. Dokin ƙofar soronsu ya kai kamu guda, sai da aka ɗaga keken aka tsallakar.

Sa'a na zaune kan katifa a ƙuryar ɗaki. Yarinyar da a da mata ke layi tana yi musu kitso, yanzu ta yi fari fat don rashin rana. Ta dubi bayana kafin ta dubi fuskata.

"Yaya, ba a samu ba ko?"

"An samu hoto."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce ba komai, dama ta sani.

Muna cin tuwon dawa da miyar kuka a tsakar gida, mahaifinta Baba Musa ya ce shi ma gara da ba a samu ba. "Me za ta fita yi? Ci ta rasa ko sha? Sai dai a yi ta nuna mu da yatsa."

Na ce, "Baba, ni ana nuna ni da yatsa shekara talatin da biyar, har yau ko ƙwarzane yatsan bai yi mini ba. Bunsurunku ma ana kwance shi ya sha iska."

Ya ajiye lomarsa ya tashi. Inna ta kwashe kwanuka. A ɗakin Sa'a na kwana.

Alhamis: Maruta

Ƙarfe bakwai na safe na sa Sa'a ta hau kekena. Na nuna mata yadda za ta jawo jikinta da hannu ba tare da an ɗauke ta ba, da murzawa, da birki. Zagayen farko ta kifar da turmi. A na uku ta iya kwana, ta tsaya a bakin soro tana kallon hasken waje.

Baba Musa ya ce dokin ƙofar nan tun na mahaifinsa ne, ba mai taɓa shi. Inna ta shiga madafa, ta fito da gatari, ta ɗaure zani.

"Malam, matsa. Ni nake kwashe fo ɗin yarinyar nan shekara biyu, ba mahaifinka ba."

Sara shida ta yi, ƙasar ta zube. Sa'a ta murza ta fita.

Na bi ta da sanduna. Ta nufi famfon unguwa inda mata ke ɗibar ruwa. Wata ta saki bokiti ta ce, "Sa'a, ashe kina garin nan?" Wata ta cire ɗankwali ta nuna mata kai, ta ce tun da Sa'a ta kwanta ba a ƙara yi mata kitson kirki ba. Sa'a tana hawaye tana tsaga gashin da yatsa, tana faɗan an cinye wa matar gaban goshi.

Nan na yanke shawara. Na ce keken ya zauna. Ta ce ba za ta raba ni da ƙafata ba. Na ce aro ne, ni ina iya takawa da sanda, ita kuwa ba ta iyawa, kuma in ta ƙara magana zan fasa.

Komawa gida

Na bar Maruta sha ɗaya, a bayan acaɓa, sanduna a cinya. Daga inda aka sauke ni a Gwaram zuwa bakin bas, tafiyar da nake yi cikin minti biyu a keke ta ci mini kwata. Kafin Birnin Kudu hammatata ta saluɓe. Biyar da minti ashirin na isa Wurno.

Malam Audu ya dubi sanduna, ya leƙa bayana.

"Kin je karɓo ɗaya, kin ba da ɗaya?"

Na ba shi labari. Ya ce akwai tayoyin tsohon kekensa a rumbu, ranar Asabar zai kai wa mai walda a Birnin Kudu a haɗa wani.

Ina gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Ina gode wa Inna Hauwa, da matan famfon Maruta, da duk direban da ya ɗaure keken nan bai karya shi ba.

Kwana huɗu da dawowata waya ta shigo. Baba Musa ne da kansa, ko gaisuwar kirki bai tsaya yi ba.

"Talatu, kin ga abin da kika jawo. Jiya tun hantsi ta tafi kitson biki, sai dab da magariba ta shigo." Ya yi gyaran murya. "Tayar baya ta hagu ta sace, kuma gobe an kira ta wani gidan. Wace lamba ce tayar, in gaya wa mai faci?"